SUNANSA MAMADU HADI BA

Ƴan'uwa na rassan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na Tasawa da Madawa da Ƙonni da Magarya da Dogon Dutsi, da duk inda wannan takarda ta iske ku: Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi.

A wannan fitowa mun ajiye maganar farashin hatsi da ta taki. Yau maganar mamaci za mu yi.

Ran 18 ga Disamba 1943, a wani gari na gabashin Faransa mai suna Epinal, sojan Jamus suka fito da mutum biyu daga kurkuku, suka kai su wani tudu a bakin gari, suka harbe su. Ɗaya Bafaranshe ne mai aikin kwano da famfo, sunansa Marcel Arburger. Ɗayan baƙin mutum ne kamarmu, Bafillace, Musulmi, ɗan ƙasar Gine, bai kai shekara talatin da haihuwa ba. Turawa sun rubuta sunansa Addi Ba. Sunan da aka raɗa masa a gidan ubansa Mamadu Hadi Ba ne, da shi kuwa za mu riƙa kiransa.

Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Tasawa da ɗan Gine wanda ya mutu a ƙasar Turawa yau fiye da shekara 80? Jar hula ce ta haɗa su. Irin hular da ya sa ita kakanninmu suka sa, rundunar da ya shiga ita aka tura su. Shi dai an yi sa'a, bayan shekaru masu yawa an tono labarinsa. Namu fa? Ku tambayi kanku, a garinku samari nawa aka ɗauka a wancan yaƙi, nawa suka dawo, kuma wa zai iya faɗin sunan waɗanda ba su dawo ba? Saboda wannan tambaya muka kawo muku labarin.

WANE NE SHI

An haife shi a 1916 a Futa Jalon, ƙasar duwatsu da shanu da makarantun allo. Wani Bature mai karɓar lanho wanda ya yi aiki a Gine ya tafi da shi Faransa gab da yaƙin. Ya zauna a wani ƙaramin gari mai suna Langeais yana yi musu girki, daga baya ya wuce Paris. Yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939. Kafin shekarar ta ƙare ya je da ƙafarsa ya ba da sunansa a soja, aka sa shi a runduna ta 12 ta tirayar na Senegal.

Kada sunan rundunar ya ruɗe ku. A Senegal Gwamna Faidherbe ya fara kafa ta a 1857, shi ya sa sunan ya bi ta, amma mutanen cikinta daga ko'ina aka tattaro su: Gine, Sudan ta Faransa wadda ake kira Mali yanzu, Dahome, Haute-Volta, Kodibuwa, da nan Nijar. Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk ɗan Senegal ne a bakin kumandan.

Mamadu da kansa ya shiga, amma yawancin namu ba haka suka shiga ba. Tun daga dokar 1919 aka ɗora wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa sarwis na tilas, shekara uku. Kumandan ya yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa mai gari, a tara samari a bariki, likita ya duba ƙirji da haƙora, a jefa ƙuri'a. Tsofaffinmu sun sha ba mu labarin yadda ɗan mai hali kan kuɓuta, ɗan talaka da maraya su cika adadin, da yadda gida guda kan kwashe kaya da dare ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Can ɗin ma ba a tsira ba, don daga Katsina da Kano da Sakkwato Ingilishi ya ɗebi nasa ya kai su yaƙin Bama.

YAƘIN 1940

Ran 10 ga Mayu 1940 Jamus ta afka wa Faransa. Baƙaƙen sojoji kamar 40,000 ne ke fagen fama a ƙasar a lokacin. Rundunar su Mamadu ta yi faɗa a yankin Ardennes da bakin kogin Meuse, ta yi ta ja da baya tana faɗa har kusa da lardin Vosges. Paris ta faɗi ran 14 ga Yuni. Ran 17 Marshal Petain ya hau rediyo ya ce a daina faɗa. Bayan wannan jawabi ma rundunar ba ta ajiye bindiga nan take ba, sai da aka kewaye ta. Ran 22 ga Yuni Faransa ta sa hannu a takardar saranda.

Ya kamata ku san abin da ya sami baƙin soja da ya faɗa hannun Jamus a waɗannan makonni. Aƙidar Hitila ta ce baƙar fata ba cikakken mutum ba ne, sojojinsa kuwa sun yi aiki da ita. A wurare da yawa sukan ware fursunoni, farare gefe guda, baƙaƙe gefe guda, su buɗe wa baƙaƙen wuta. Ran 7 ga Yuni a garin Airaines suka harbe Kaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, bayan ya miƙa wuya, saboda ya ce shi hafsa ne, tare da hafsoshi zai tsaya. Ran 19 da 20 ga Yuni a Chasselay kusa da Lyon suka kashe tirayar da yawa waɗanda suka riga suka ajiye makami, har suka bi ta kan wasu da tankar yaƙi. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta cewa waɗanda aka kashe ta wannan hanya sun kai tsakanin 1,500 da 3,000.

Mamadu yana cikin waɗanda kwanansu ke gaba. Aka kama shi aka tsare a garin Neufchâteau. Bai daɗe ba ya tsere shi da waɗansu ƴan'uwansa, suka shige daji.

BAƘO A ƘAUYE

Ku yi tunanin halin da suka shiga. Mutanen ƙasar rana ne, ga su a dajin da ƙanƙara ke rufe ƙasa da damuna ta wuce, ba abinci, ba takarda, kuma fatarsu kaɗai ta isa ta tona musu asiri daga nesa. Manoman ƙauyukan wurin, mata da maza, su suka riƙa kai musu abinci da tufafi a ɓoye, alhali sun san hukuncin wanda aka kama yana yin haka. Wannan alheri muna shaida musu shi, ba za mu ɓoye ba.

Iyakar ƙasar Suwis, wadda ba ta cikin yaƙin, ba ta da nisa ƙwarai daga nan. Mamadu ya shiga cikin shirin da ya tsallakar da ƴan'uwansa kamar arba'in zuwa can. Hanyar da ya nuna wa wasu, shi ma yana iya bin ta ya je ya zauna lafiya har yaƙi ya ƙare. Ya zaɓi ya tsaya. Magajin garin wani ɗan ƙauye mai suna Tollaincourt ya ba shi masauki, aka ce wa mai tambaya ɗan ƙodagon gona ne. Tun cikin 1940 ya haɗu da Marcel Arburger da wani malamin lakwal, suka fara aikin ɓoye na ƙin mamayar Jamus. Yakan hau kekensa ya bi ƙauyuka yana kai saƙo, yana neman maɓoya ga waɗanda ake farauta.

To, ga inda labarin ya fi ba mu mamaki. A Fabrairu 1943 gwamnatin Petain ta kafa doka cewa samarin Faransa za su tafi Jamus aikin tilas a masana'antu. Samari suka yi ta gudu suna neman inda za su ɓuya. A Maris na wannan shekara Mamadu da Arburger suka kafa musu sansani a cikin daji, tsakanin Martigny-les-Bains da Robécourt, suka sa masa suna Délivrance, wato Kuɓuta. Shi ne sansanin farko irinsa a duk lardin Vosges. Samarin Faransa kamar 80 suka taru a ciki, da waɗansu Rashawa da suka tsere daga hannun Jamus. Ciyar da wannan taro a ɓoye kullum, a ƙasar da ake raba burodi da kati, yana cikin aikin Mamadu.

Ku duba da kyau. A daidai wannan lokaci, a Gine inda aka haife shi da nan Nijar, Faransa tana kama mutane aikin tilas, suna fasa dutse suna gyaran hanya suna ɗaukar kayan kumandan a ka, ba lada sai bulalar gardi. Ba a soke wannan aiki ba sai ran 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ɗan ƙasar da ake yi wa aikin tilas shi ne ya tsaya yana ɓoye ƴaƴan masu yin sa don kada a yi musu. Ya san ɗacin abin tun daga gida.

KAMU DA KISA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Asirin sansanin ya isa kunnen Jamus, suka kai masa hari a Yuli 1943. Suka bi sawun Mamadu, wanda suke kira baƙin ɗan ta'adda, suka ji masa rauni da harsashi, suka kama shi, suka kai shi kurkukun Epinal. Daga baya suka kama Arburger.

Abin da Jamus ke so a bakinsa sunaye ne: wa ya ba ku gari, wa ya ba ku ɗaki, wace mata ce ke kai abinci daji. Ya san su duka, gida gida. Aka yi ta gana masa azaba wata da watanni, bai ba da sunan kowa ba. Kotun sojan Jamus ta yanke musu hukuncin kisa a farkon Disamba, ran 18 aka zartar. Wata tara bayan haka, a Satumba 1944, sojan Amurka suka kori Jamus daga Epinal. Mutanen da ya rufa wa asiri suka ga ƙarshen yaƙi, suka haifi ƴaƴa da jikoki. Kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta garin Colmar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

SHEKARA SITTIN

Yanzu sai mu zo ga sakayya. Faransa tana da lambar girma da take ba waɗanda suka yi aikin ɓoye na ƙin mamaya, ta kuma raba ta ga dubban mutane da yaƙi ya ƙare. Mamadu, wanda ya kafa sansanin farko a lardinsa, bai samu tasa ba sai a Yuli 2003, shekara 60 bayan mutuwarsa. Danginsa aka miƙa wa.

Wa ya riƙe sunansa duk tsawon wannan lokaci? Tsofaffin ƙauyen da suka ci abinci da shi, su suka riƙa ba jikokinsu labari. Wani gida ya adana Alƙur'aninsa. Wani tsohon hafsa da ya yi aiki da tirayar, Kanar Maurice Rives, ya yi shekaru yana rubuta wa hukuma takardu. Wani ɗan jarida mai asali da ƙauyen, Etienne Guillermond, ya bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da suka tuna, ya fitar da littafi a 2013. Marubucin Gine Tierno Monénembo ya gina littafin ƙirƙira a kan rayuwarsa a 2012, aka kuma yi fim a 2017. Yau akwai titi mai sunansa a Langeais da Tollaincourt. Duk wannan daga ƙasa ya faro, daga bakin talakawan ƙauye. Gwamnati a ƙarshe ta zo.

Abin da aka yi wa mamacin shi aka yi wa masu rai. Baƙaƙen sojoji suna cikin waɗanda suka sauka a kudancin Faransa a Agusta 1944, suka ƙwato Toulon da Marseille. Da nasara ta matso, kafin shekarar ta ƙare, aka janye dubbansu daga fagen fama, aka karɓi kayan jikinsu da makamansu aka ba samarin Turawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗanda suka yi shekara huɗu a tsare a hannun Jamus aka zubo kashin farko nasu a jirgin ruwa, mutum kamar 1,300, aka sauke su a barikin Tiyaroy kusa da Dakar. Suka ce ba za su watse ba sai an biya su kuɗin sarwis ɗinsu da aka riƙe. Da asubar 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa suka buɗe musu wuta. Takardun hukuma sun ce mutum 35 suka mutu, wata takardar ta ce 70, masu bincike kuwa suna maganar ɗaruruwa. Aka kuma gurfanar da 34 daga cikin waɗanda suka tsira aka ɗaure su. Sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne.

Sannan ga maganar fansho. Da ƴancin kai ya gabato, dokar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon mazan jiya na ƙasashenmu a inda yake, na Turawa kuwa ya ci gaba da hawa kowace shekara. Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnatin Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, bayan ya riga ya rasu. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai daga 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna kabari. Da yawa cikinmu mun ga irin waɗannan tsofaffi a ƙofar gidan mazan jiya, da lambobinsu a ƙirji, suna jiran ƴan tammomin da ba su isa buhun gero ba.

AMSA GA MAI TAMBAYA

Mun san abin da wasu samarinmu za su ce a taron reshe, kuma tambayarsu tana kan hanya. Za su ce: wannan mutum don Faransa ya mutu, ƙasar da ta mallake mu ta wulaƙanta iyayenmu. Ina ruwanmu da shi? Su da ya yi wa aiki su tuna da shi.

Amsarmu kashi uku ce.

Na farko, ku dubi wanda ya yaƙa. Mulkin da ya harbe shi shi ne mulkin da ya ware baƙaƙe a Chasselay ya bi ta kansu da tanka. Da wannan mulki ya yi nasara, ba wanda ya isa ya ce baƙin mutum zai ga alheri a ko'ina a duniya. Wanda ya tsaya masa a gaba ya yi mana aiki, ko da tutar wani ce a bisa kansa.

Na biyu, mazan jiyan da suka dawo ba su dawo hannu wofi ba, ko da aljihunsu wofi ne. Sun ga Bature yana gudu, sun gan shi yana kuka yana roƙon burodi, sun gan shi a ƙarƙashin mulkin wani. Gani ya kori ji. Daga nan tsoron da ke zukatan mutane ya fara raguwa. A 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba shari'a, a shekarar kuma aka fara kafa jam'iyyun siyasa a ƙasar nan. Daga nan zuwa 3 ga Agusta 1960 shekara 14 ce kawai. Jinin waɗanda suka faɗi yana cikin kuɗin da aka biya.

Na uku, in mun ce ba ruwanmu, to mun bar wa wani ya ba da labarin yadda ya ga dama. A 2019 shugaban Faransa ya roƙi magadan garuruwansu su sa wa tituna sunayen sojojin Afirka. Madalla, amma a bakinsu labarin na yaro mai biyayya ne wanda ya mutu don uwargijiyarsa. A bakinmu labarin mutum ne wanda aka raina, ya nuna ya fi masu raina shi mutunci, aka kuma ci haƙƙinsa. Mamacinmu namu ne. Ba a ba maƙwabci aron gawa ya yi mata sutura.

NAMU NA JIYA DA NA YAU

A nan ne laifi ya dawo kanmu. Mun yi ta zargin Faransa da mantuwa, kuma ta cancanci zargin. To mu me muka yi? Ƙauyen Turawa mai gidaje ƙalilan ya riƙe sunan baƙo shekara 60. Mu a garuruwanmu, ɗan gari da aka ɗauka a gaban uwarsa aka kai shi Faransa ko Indoshin ko Aljeriya bai dawo ba, ina aka rubuta sunansa? Uwar ta rasu, ƙannensa sun rasu, jikokin gidan sai dai su ce an ce muna da wani kaka da ya tafi soja. Tsofaffin da suka san sunayen suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Kuma maganar ba ta tsaya ga jiya ba. Ran 25 ga Afrilu 2015, a tsibirin Karamga cikin tafkin Cadi, sojojinmu 46 suka faɗi a hannun Boko Haram. Ran 10 ga Disamba 2019, a Inatas kusa da iyakar Mali, 71. Wata guda bayan haka, ran 9 ga Janairu 2020, a Cinagodar, 89. Bayan waɗannan ma an yi ta rasa wasu a Tilaberi da Tawa da Difa. Waɗannan ba don tutar kowa suka mutu ba sai tamu. Da yawansu samari ne, wani bai yi aure ba, wani ya bar amarya da ciki. Aka yi zaman makoki na kwana uku, aka sauko da tuta, rediyo ya faɗi adadi. Yau in aka tsayar da ɗayanmu a kasuwa aka ce ya faɗi sunan mutum uku cikin 71 na Inatas, mutum nawa za su iya? Adadi na gwamnati ne, tana bukatarsa don lissafinta. Uwa ba adadi ta haifa ba.

Mun faɗa, kuma muna maimaitawa: ƙasar da ke tura ɗan talaka bakin daga tana da bashi a wuyanta, na abincin marayunsa da karatunsu da haƙƙin matarsa, a biya a kan lokaci ba sai an yi ta zarya a ofis ba. Abin da muka ƙi daga Faransa ba za mu karɓe shi daga hannun kowa ba, ko da ɗan'uwanmu ne ke kan kujera. Amma ba a bin bashin wanda ba a san sunansa ba. Saboda haka aikin daga suna zai fara.

AIKIN DA KE GABAN KOWANE RESHE

1. Kowane reshe ya sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi, ya damƙa shi ga magatakarda. A rubuta a bangon: Littafin Waɗanda Ba Su Dawo Ba.

2. A naɗa mutum uku, cikinsu lalle da mace guda, su bi unguwa unguwa da ƙauyukan da ke cin kasuwarku. Su fara da tsofaffi mata, don su suka fi riƙe sunaye. A tambayi mai gari da liman da maroƙa da makaɗa.

3. Ga kowane mamaci a rubuta sunansa na yanka, da sunan ubansa da na uwarsa, da garinsu, da shekarar da aka ɗauke shi, da inda aka ce ya faɗi. Abin da aka tabbatar a rubuta an tabbatar, abin da aka ji a rubuta an ji. Kada a ƙara gishiri.

4. Gidan da ke da littafin soja, ko lamba, ko hoto, ko wasiƙa, a roƙe su a ɗauki hoton abin da waya, a kwafe lambar sojan, a mayar musu da kayansu nan take. Kada wani ya tafi da takardar mutane.

5. Ma'aikatar sojan Faransa ta zuba sunayen matattun yaƙe-yaƙenta a intanet, a wani kundi mai suna Mémoire des hommes, kowa na iya dubawa kyauta. A sa ɗalibai su nemi namu a ciki. Su yi haƙuri wajen nema, don magatakardan Turawa sun karya sunaye da yawa, kamar yadda suka mai da Hadi ya zama Addi. A gwada suna ta rubutu iri iri, a kuma nema da sunan gari.

6. Waɗanda suka faɗi a shekarun nan a shiga gidajensu da ladabi, a yi gaisuwa tukuna. In iyalin ba su so a rubuta, a bar su. In akwai marayu, a rubuta ko suna lakwal, a kuma tambaya ko haƙƙinsu ya fito. Inda bai fito ba, reshe ya wakilta mai ilimi ya raka matar ofis har sai an ga ƙarshen maganar.

7. Ba a tambayar jam'iyyar gidan mamaci, ba a tambayar ƙabilarsa ko addininsa. Harsashin bai tambaya ba.

8. Ran 18 ga Disamba kowane reshe ya taru bayan la'asar. A fara da sunan Mamadu Hadi Ba da na abokinsa Marcel Arburger, sannan a karanta sunayen ƴan gari ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, a yi musu addu'a. A aiko mana da kwafin littafin, za mu riƙa buga sunayen a wannan takarda gari bayan gari har su ƙare.

Wannan aiki ba ya bukatar izinin kowa, kuɗinsa kuma bai wuce na littafi da alƙalami ba. Abin da yake bukata a fara shi yanzu, tun tsofaffin suna da rai. Reshen da ya riga kammalawa, da sunayen garinsa za mu buɗe fitowa ta gaba.

Allah ya jiƙan Mamadu Hadi Ba, ya yafe masa kurakuransa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya jiƙan namu da suka faɗi a nesa da waɗanda suka faɗi a gida, ya ba iyayensu haƙuri, ya raya abin da suka bari. Amin.

Ku huta lafiya. A karanta, a miƙa gaba.